Kalmar da ke Kusurwar Dama

Tun kafin mai gwajin shafukan intanet ɗin ta ajiye jakarta ta kafa wa Dogo sharaɗi: zai zauna a bayan mutane, ya ga abin da suke yi da shafin kamfaninsa, amma ko tari ba zai yi ba.

Kamfanin na Dogo da ƙaninsa Auta ne. Suna zana wa masu shaguna tambari da kwalin kaya da allon talla, a ɗaki biyu a saman wani kantin taya. Dogo ne ya gina shafin da hannunsa, baƙi wuluk, rubutu siriri, hotuna suna shigowa a hankali kamar ba sa son tada kowa. Abokan sana'a sun yaba har sun gaji, masu kawo aiki kuwa ko ƙeyarsu. Wata babbar maɗaba'a ta yi wa Auta tayin aiki, shi ne ya ɗauko mai gwajin, ya ce da wansa, "Yaya, in ka karɓi abin da ta faɗa ba musu, ina nan. In ka yi musu, na tafi."

Ta fara da wata mai gidan burodi. Ta juya mata kwamfuta ta ce, "Ki ɗauka kina son a zana miki sabuwar leda. Nemi yadda za ki yi musu magana."

Matar ta gyara tabarau. Ta yi ƙasa, ta yi sama, ta tsaya a kan hoton wata kwalbar turare ta ce, "Kai, wannan ya yi kyau." Kibiyar kwamfutar ta bi ta kan ƙaramin maɓallin da ke kusurwar dama, wanda aka rubuta wa Fara, ta wuce abinta. Dogo ya ji kamar an taka masa yatsa.

"Me kike tsammani wancan yake yi?" in ji mai gwajin.

"Wannan? Ai na mai da shafin fari ne. A'a, bar min baƙar nan, farar kashe min ido take."

Na biyu mai sayar da kayan gini ne, mutum mai yawan raha. Ya leƙa maɓallin ya ce, "Fara kuma? Ta gona ko ta fenti?" Ya yi dariyarsa shi kaɗai, ya ci gaba da neman lambar waya har ƙasan shafin, inda bai tarar da komai ba sai sunan kamfanin cikin ruwan toka. Ya ture kwamfutar. "Malama, mutanen nan ba sa son a same su. Ko bashi suka ci?"

Ta ukun, mai makarantar yara, ba ta ma ga maɓallin ba. Ta ce hotunan sun yi jinkiri, ita da wayarta ce da tuni ta rufe.

Da suka watse, mai gwajin ta juyo da kujerarta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce launi ya zauna, hotuna sun yi, ba ta taɓa ganin shafi mai tsabta haka ba. Sai dai ƙofa ɗaya ce tak ta shiga wurinsu, kuma kalmar da ke kanta, a baƙin shafi, kowa launi yake karantawa. A rubuta Fara aiki da mu, a ƙara girma, a sa lambar waya a sama.

Dogo ya san gaskiya ta faɗa. Ya gani da idonsa, har sau uku. Ya tuna ranakun da ya zauna yana duba akwatin saƙo yana cewa kasuwa ce ta mutu. Ya buɗe baki don ya ce to.

"Kalma huɗu ba za ta shiga wurin ba," ya ji kansa yana faɗa. "Za ta ɓata layin sama. Kuma wanda ya san zane ai ya san fara ake nufi, ba fara ba."

"Yaya," in ji Auta, "a baki ne ka bambanta su yanzu, wa zai ga bambancin a rubuce?"

"Ba musu nake ba. Bayani nake."

"Na sani. Kullum bayani ne."

Mai gwajin ta shiga naɗe wayar cajinta, ta ƙi kallon kowa. Auta ya cire makullin ofis daga zoben makullansa. Abin ya ƙi fita, sai da ya sa farce. Ya ajiye shi kusa da kofin shayin wansa, ya ce zai aiko a ɗaukar masa kujerarsa, don bayansa ya saba da ita. A bakin ƙofa ya tsaya kamar mai jiran a kira shi. Dogo yana kallon allon kwamfuta.

Ƙarar injin cire taya ta taso daga ƙasa. Da ɗakin ya zama nasa shi kaɗai, sai ya jawo kwamfutar, ya goge kalmar, ya rubuta huɗun da aka ce. Suka cika maɓallin, ta ƙarshen ta zubo ƙasa, layin sama ya karkace kamar yadda ya faɗa. Ya daɗe yana kallo, bai adana ba, bai kuma mayar ba.