Jiran Irinta Ta Yi Hatsari

Motata ba ta da aibu sai wayon da ya yi mata yawa. Inji lafiya lau, tayoyi sababbi, amma wani ɗan akwatin lantarki ya ƙone, shi ke nan ta ƙi tashi. Makanike ya ce ƙwaƙwalwarta ce, kuma kamfanin ya daina yin irinta.

"To yanzu ya za a yi?" na tambaye shi.

Ya goge hannu da tsumma. "Sai haƙuri, maigida. Sai dai a jira irinta ta yi hatsari, mu ciro."

Haka ya faɗa hankali kwance, kamar mai cewa a jira ruwa ya ɗauke.

Ga shi da ita nake kai mahaifiyata wankin ƙoda. Yanzu sai tasi, a matse tsohuwa a tsakiyar mutane, ta dawo gida a galabaice tana cewa ba komai. Wannan "ba komai" ɗin shi ya fi ƙona mini rai.

Zama ya gagare ni. Waya na ƙara sai in zabura. In na ji jiniya a titi sai in leƙa taga. Matata ta ce, "Baban yara, kai fa ka zama ungulu." Na yi dariyar yaƙe, don gaskiya ta faɗa. Na taɓa ganin irin motar a mahaɗar titi, direban yana gudun banza, na ji zuciyata tana ce masa ya ƙara wuta.

Ranar da makanike ya kira ya ce an samu, na yi hamdala tun kafin in yi tunani.

A gareji na tambaye shi ko mai motar ya tsira. Ya ɗaga kafaɗa. "Mu ba ma tambaya."

Ya ɗaura akwatin, ya ce in shiga in gwada. Na danna maɓalli, nan take ta tashi. Ban gama murmushi ba sai kujerar ta fara matsowa gaba da kanta, har gwiwoyina suka daki sitiyari. Madubai suka sunkuya ƙasa.

"Zaman mai waccan motar ƙwaƙwalwar ta tuna," in ji makanike. "Da alama ba dogo ba ne, ko kuma mace ce. Bari in goge."

Na ce ya ɗan dakata. Na zauna a takure a gurbin wanda na daɗe ina jiran hatsarinsa. Na so in yi masa addu'a, amma ban san ko ta samun sauƙi zan yi ba, ko ta gafara.