Tahinar Baban Vivian

A cocinsu Sylvanus da ke unguwar Television, akwai Lahadi ɗaya a shekara da maza ke yin girki. Ranar Zumuntar Maza ke nan. Kowane magidanci zai kawo abin da ya dafa, a jera a kan tebura ƙarƙashin itatuwan mangwaro bayan an tashi sujada, mata su bi layi da cokula suna ɗanɗanawa suna ƙunshe dariya. Dokar guda ɗaya ce: hannun mace ba zai taɓa tukunyar ba.

Bara Sylvanus ya karya dokar. Ya kawo dafa-dukan shinkafa mai kyau, kuma kyan ne ya tona masa asiri. Mama Dorcas, shugabar Zumuntar Mata, cokali ɗaya ta kai baki ta ajiye, ta waiga wajen matarsa ta ce, "Celina, sannu da aiki." Tun daga ranar ake kiransa Ɗan Dako, wai shi ɗaukowa kawai ya yi. Mutum mai shekara hamsin da huɗu, mai 'ya, Vivian, a jami'a, wanda ya yi shekara ashirin yana riƙe da makullin sito a wani kamfanin robobi a Kudenda ba a taɓa neman ko bokiti an rasa ba, sai ga shi shinkafa ta ɓata masa suna.

Wanda ya fi kowa jin daɗin sunan shi ne amininsa Chibuike, makanike a Sabon Tasha. Saura mako guda bikin bana, ya tare shi a ƙofar coci, a gaban dattawa.

"Oga Ɗan Dako! Bana me Madam za ta dafa mana?"

"Tahina zan kawo," in ji Sylvanus.

"Wace ce Tahina? Ka ƙara aure ne ba mu sani ba?"

"Miyar Larabawa ce. Ka bari sai ka gani."

Maganar ta fita kafin ya yi shawara da kansa. Sau ɗaya ya taɓa cin tahina a duniya, shekaru goma sha biyu da suka wuce, a gidan wani manajansu ɗan Labanan da ya gayyaci ma'aikata cin abincin Kirsimeti. Wata farar miya ce mai santsi da aka zuba a kan gasasshen nama. Ya ci har ya ji kunya, ya zagaya baya ya tambayi kukun gidan, Baba Shekari, wanda ya lissafa masa da yatsu: riɗi, lemun tsami, tafarnuwa, gishiri, ruwa. Abu biyar. Sylvanus ya ga ai wanda ya iya tsare sito mai kaya dubu ba zai kasa haɗa abu biyar ba. Ga kuma wata riba: Celina ba ta taɓa ganin tahina ba, balle a ce ita ta yi.

Ranar Juma'a da ya taso aiki ya wanke riɗi mudu biyu, ya rege tsakuwa, ya murje ɓawon, ya shanya a faifai. Asabar da safe ya hura gawayi a tsakar gida ya ɗora kasko. Celina ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna nesa da shi kamar taku uku, ta soke hannuwanta a hammata.

"Maman Vivian, ba ki da aiki a ɗaki ne?"

"Kallo na zo. Doka ta ce hannu, ba ta ce ido ba. Juya shi, Baban Vivian, yana ƙonewa ta gefenka."

"Na gani."

"Ka gani kake tsaye?"

Ya juya. Riɗin ya fara tsalle a kasko yana ƙamshi, ya sauke kafin ya yi ja. Ya kai shi injin markaɗen gyaɗa na bakin kasuwa, ya shiga layi tsakanin mata masu ƙuli-ƙuli, shi kaɗai namiji, da hularsa da agogonsa. Wata ta tambaye shi ko Madam ba ta da lafiya ne. Ya ce lafiyarta ƙalau. Ta dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda aka yi masa yaji.

Ya dawo da markaɗen a roba, yana zuba lumui kamar zuma. Ya raba shi biyu, don robar ta yi masa kaɗan. Ya daka tafarnuwa da gishiri, ya matse lemun tsami, ya zuba a rabin farko, ya ɗiga ruwa kaɗan, ya sa muciya yana juyawa yana 'yar waƙarsa.

Waƙar ba ta kai baiti biyu ba. Abin da ke zuba lumui ɗazu ya kame, ya cure, ya koma kamar kwaɓin simintin da magini ya manta a rana. Muciya ta tsaya cak a tsakiya ba mai riƙe da ita.

Celina ta miƙa wuya ta leƙa. Fuskarta ta washe, irin ta wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tasha.

"Af! Ai wannan na san shi. Ya kama ke nan. Mai yake so ya fito."

"Wane mai?"

"Baban Vivian, a gidan masu ƙuli aka haife ni. Tun ban fi turmi tsawo ba nake ganin wannan. In markaɗe ya cure haka, ruwan zafi ake ba shi kaɗan-kaɗan, a yi ta tuƙawa. Su ma Larabawan ai haka za su yi, sai dai in ba su iya ba."

Sylvanus ya dubi curin. Shekara ashirin da shida da aure, bai taɓa ganin Celina ta yi kuskure a kan tukunya ba. Kuma baki ba ya cikin doka. Ya ɗora buta.

Ya ɗiga ruwan zafi, ya tuƙa. Ya ƙara, ya tuƙa. Gumi ya jiƙe masa singileti, kafaɗarsa ta fara tuna masa shekarunsa. Can sai curin ya fara ƙyalli, mai ya tsattsafo ta gefe, ya taru, ya kwanta a gindin robar garai-garai. Celina ta manta da kanta ta rangaɗa guɗa. Shi ma ya ɗaga muciya sama yana haki yana dariya, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ko Vivian ta gama makaranta ne.

Sai da ya tsiyaye man a kwalba sannan ya tsaya ya dubi abin da ya samu. A hannun dama kwalbar man riɗi. A hannun hagu dunƙulen tunkuza mai warin tafarnuwa, wanda in aka jefi kare da shi sai an kai ƙara.

"Maman Vivian."

"Na'am."

"Abin da na ci a gidan manaja, da cokali aka zuba shi."

Celina ta dubi dunƙulen, ta dubi sama. "To, ni dai man ya yi kyau," in ji ta.

Ya zauna a bakin rijiya. Gobe Lahadi. Saura rabin markaɗe, kuma in shi ma ya tafi, babu lokacin wanke wani riɗin ya bushe. Ya hango kansa gaban teburin coci hannu wofi, ya hango haƙoran Chibuike. Bara ya kawo abincin da ba nasa ba, bana zai kawo labari.

Ya zaro waya. Baba Shekari ya daɗe da barin aikin kuku, ya koma Kakau yana noman masara da doya, kuma kunnensa ɗaya ya yi ritaya tare da shi. Sai a kira na huɗu ya ɗauka. Sylvanus ya buɗe muryar wayar don Celina ta ji.

"Baba, ina wuni? Sylvanus ne, na sito."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Baba. Tahina nake yi."

"Kai? Ikon Allah. To, yi mana."

Ya kwashe labari ya faɗa masa. Da ya zo kan ruwan zafi, sai aka ji tsohon yana tari, tarin ya zama dariya, har ya kira wani a gonar yana cewa ya zo ya ji.

"Wa ya ce ka sa ruwan zafi?"

Celina ta matso. "Ni ce, Baba. Ina wuni? Ai curewa ya yi."

"'Yata, lafiya lau. Ai dole ya cure! Halinsa ke nan. Ni ma ranar farko da na ga haka zubarwa na yi a bayan gida don kada matar manaja ta gani. Ku masu ƙuli in ya cure kuna korar man waje. Nan kuwa so ake man ya zauna a ciki. Ruwan sanyi! Na randa. Ka zuba, ka juya, zai ƙara tauri kamar yana zaginka. Kada ka kula shi. Ka ƙara ruwa. Sai ya gama taurin kansa zai saki."

"Har yaushe, Baba?"

"Har ya yi fari. Kai, ka bar ni, akuya ta shiga mini doya."

Sylvanus ya wanke roba, ya juye rabin da ya rage. Tafarnuwa, gishiri, lemun tsami. Ya kame, kamar ɗazu. Ya ɗebo ruwan randa a moɗa ya zuba kaɗan. Ya ƙara tauri. Celina ta buɗe baki, ta rufe, ta tashi ta zagaya rijiya ta dawo.

"Baban Vivian, ko ɗan ɗumi-ɗumi ne..."

"Maman Vivian."

"Na yi shiru."

Ya ƙara ruwa. Curin ya farfashe ya zama gudaji-gudaji, munin da ya fi na farko. A zuba na huɗu ya ji muciya ta yi sauƙi a hannunsa. A na biyar gudajin suka narke, launin ƙasa-ƙasan ya dushe, abin ya koma fari tas, mai santsi, yana bin muciya yana zuba kamar kindirmo. Ya lakata da yatsa ya kai baki. Ya rufe ido. Shi ne, har da ɗan ɗacin nan na can ƙarshen harshe.

Ya miƙa wa Celina cokali. Ta ɗanɗana, ta juya shi a baki.

"Yanzu sai a ɗora a wuta?"

"An gama."

"An gama me?"

"Haka ake ci."

Ta dube shi ta daɗe. "Allah Ya kai mu goben," in ji ta.

Lahadi bayan sujada tebura suka cika. Dattijo Wilson ya kawo farfesun kan akuya. Wani ya kawo wake da ya ƙi nuna, wani taliya da ta nuna har ta wuce. Chibuike ya kawo gasasshiyar doya tire guda, ya manta da manja a gareji. Sylvanus ya ajiye kwanonsa na tangaran a kusa da doyar, ya ɗiga man riɗin jiya a kai don ado, ya tsaya a baya ya harɗe hannu.

Mama Dorcas ta iso da cokalinta, mata na biye. Ta dubi kwanon, ta dubi Celina. Celina ta dubi mangwaro.

Mama Dorcas ta ɗiba ta kai baki.

"Me ke ciki?"

"Riɗi ne, Mama."

"Na ji riɗi. Ina barkono?"

"Babu."

"Daddawa?"

"Babu."

"Minti nawa ta yi a wuta?"

"Ba ta hau wuta ba, Mama. Riɗin kawai na soya."

Mama Dorcas ta ajiye cokali, ta juya ta fuskanci jama'a kamar za ta yi sanarwa.

"Ku shaida. Babu macen da ta sa hannu a wannan abu. Duk cocin nan babu matar da za ta kawo wa mutane ɗanyar miya, ba yaji ba daddawa, ta tsaya a bayanta tana murmushi. Wannan aikin namiji ne tun daga farko har ƙarshe."

Aka kwashe da dariya da tafi. Sylvanus ya rusuna ya yi godiya. A rayuwarsa ba a taɓa zaginsa ya ji daɗi haka ba.

Da Mama Dorcas ta wuce gaba, ba ta yi nisa ba ta dawo. Ta gutsuri doyar Chibuike, wadda tun ɗazu mutane ke ci suna neman ruwa, ta dangwala a kwanon Sylvanus. Ta tauna. Ta sake gutsura. Matan da ke bayanta suka ga haka, su ma suka miƙo hannu. Kafin a yi addu'ar rufewa tiren doya ya koma sai ɓawo, Fasto da kansa yana kalace gefen kwanon da guntun ƙarshe.

Farfesun Dattijo Wilson ne ya zo na ɗaya, kamar kowace shekara. Ba wanda ya yi mamaki, har shi Wilson ɗin.

Ana kwashe tebura Chibuike ya matso yana lasar yatsa.

"Oga Sylvanus, ka san dai doyata ce ta fitar da kai."

"Miyata ce ta ceci doyarka. Da yanzu kana loda ta a but ɗin mota."

"To, na ji. Baɗi mu haɗa tebur. Amma faɗa mini tsakani da Allah, yaya ake yin ta?"

Sylvanus ya gyara hula, ya ɗauki kwanonsa ya soke a hammata.

"Abu biyar ne kacal," in ji shi. "Sai dai tana son wanda ya san hannunta. Ka zo gida ranar Asabar, ka taho da riɗinka. Mudu biyu, don na farkon ba naka ba ne, tunkuza zai zama."