Agogon da Ke Tsayawa a Kusada

Malam Ɗanmaliki na Kusada bai taɓa karɓar kyautar ɗansa Sagir ba tare da ya gano mata aibu ba. Hula ta matse shi, takalmi na 'yan birni ne, rediyo kuwa surutu gare ta. Da Sagir ya samu aikin koyarwa a Kankia, sai ya ƙudurta zai sayi abin da tsohon zai karɓa ya yi shiru, ko da bai sa albarka ba. Wannan shirun yake nema tun yana yaro.

Ranar kasuwa ya je teburin Kamilu mai agogo. Mai batir ba ya cikin lissafi, tsohon ya ce kayan wasan yara ne. Kamilu ya jera masa uku. Mai araha sai an murɗa kansa kowace safiya. Na tsakiya shi ma haka, sai dai ruwan alwala ba ya shigarsa. Na ukun a ɗaura shi kawai, ba ya neman komai, kuma kuɗinsa ya kusa na tunkiya. Sagir ya ɗauki na ukun ko tayi bai yi ba.

Tsohon ya karɓa, ya juya shi, ya ce yana da nauyi. A wurinsa wannan kusan yabo ne.

Juma'a na zagayowa Sagir ya tarar da agogon a hannun mahaifinsa na hagu, tsaye cak. Tsohon ya ce an cuce shi, kuma dama bai yi mamaki ba. Sagir ya mayar, Kamilu ya canza masa wani irinsa sabo fil. Shi ma yana zuwa Kusada ya tsaya. A zuwa na gaba wurin Kamilu sai da maƙwabtan teburinsa suka shiga tsakaninsu. Kamilu ya ɗaura agogon a nasa hannun har kasuwa ta zagayo, bai yi latti ba ko kaɗan.

"Malam," in ji Kamilu, "wanga agogo motsin hannu shike ci. In dai hannu na motsi, ba shi tsayawa."

Sagir ya hau babur ya nufi gida. Ya zauna a zaure yana kallon mahaifinsa. Da hannun dama ya gaisa da mutane, da dama ya ci tuwo, da dama ya ja carbi. Alwala kuwa ya koma yinta a cikin ɗaki. A Kusada ba a miƙa abu da hagu, ba a karɓa da hagu, don haka ba mai cigiyar hannun hagun tsohon. Yana nan kwance cikin hannun riga.

Da baƙi suka watse, Sagir ya tambaye shi tun yaushe hannun ya daina motsi.

"Tun bayan girbi," in ji tsohon. "Kak ka hwaɗa ma Iyatu."

Iyatu ita ce mahaifiyar Sagir, tana cikin gida tana tankaɗe. Tsoro ya kama Sagir, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya matsa ya ɗago hannun, ya ji shi da nauyi da sanyi. Ya ɗaura masa agogon, ya riƙa lilo da hannun a hankali har ƙaramar allurar ta fara tafiya.

Tsohon ya duba agogon, ya dubi ɗansa, bai ce komai ba.