Goron Sunan Zainabu

A Zongon Lome kowa ya san Buraima mai gyaran keke ya taɓa zaman kurkuku. Agogo ya sata tun yana saurayi, ya yi zamansa, ya fito, ya tuba. Amma ina! Duk sanda bikin jam'iyya mai mulki ya ƙarato, jandarmomi, 'yan sandan ƙasar, sai su kwashe duk wanda aka taɓa kamawa, su ajiye shi har baƙi su watse. Ba tuhuma, ba alƙali. Wai don gari ya zauna lafiya.

Buraima ya saba, har da kansa yake naɗe tabarma ya jira su. To bana matarsa Ajaratu ta haihu, bayan sun daɗe suna nema, ranar suna kuma ta faɗo tsakiyar bikin. Ba ya son komai illa ya tsaya a ƙofar gidansa ya raba goro da hannunsa, kamar kowane uba.

Ya tafi wurin mai unguwa, Alhaji Alassani.

"Ranka ya daɗe, ka tsaya mini. Safiyar sunan kawai."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. "Na san ka shiryu, Buraima. Amma in na karɓe ka, wani abu ya ɓace a filin biki, Zongo duka za a birkice. Ka yi haƙuri, ni zan tsaya a madadinka."

Haƙuri! Ai shi ya fi komai sauƙin bayarwa.

Aka tafi da shi. Safiyar sunan yana zaune a kurkuku, yana jiyo kiɗan 'yan rawar jam'iyya daga nesa. Ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Yau sunan 'yata ne." Mutumin ba ya jin Hausa. Ya gyaɗa kai, ya juya baya.

Da aka sako shi, ya tarar an kwashe rumfa, an share ƙofar gida tas. Maƙwabta suka yi masa sannu da dawowa, kamar daga fatauci yake. Ajaratu ta miƙa masa jaririyar, Zainabu, sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro goro guda, ya riga ya bushe.

"Ga naka, maigida," ta ce, ba ta iya kallonsa ba. "Alhaji ya ce a ajiye maka. Duk wanda ya zo ya samu."