Abin da Kamila Ta Fassara

Shekara ashirin ina gasa tsire a unguwar Obiagu da ke Enugu, sai ga ni na koma mai tsoron ashana. Tun gobarar da ta cinye rumfunanmu, ta tafi da aminina Hammadu, ko ƙaurin gawayi na ji sai ƙirjina ya hau bugu, gumi ya jiƙe min riga. Shekara uku ban hura wuta ba. Matata ce ke ciyar da mu da ƙosai, ni kuwa ina can ƙuryar ɗaki har ta sauke kasko.

Kamila, 'yar marigayin, ita ta zo da maganar magani. A Enugu aka haife ta, Ibo da Turanci sun zauna a bakinta, kuma nas ce a wani asibiti da ake gwajin maganin tsoro. Tun tana rarrafe Baba take ce min.

"Baba, ba allura ba ce," in ji ta. "Idan mutum ya tuno abu, abin yakan yi laushi kamar kitse a kan wuta, kafin ya sake daskarewa. A wannan tsakanin ake ba ka ƙwaya. Labarin zai zauna, faɗuwar gaban ce za ta ragu."

Na yarda. Sai dai Pidgin ɗina na cinikin nama ne kawai, don haka ita ta zama tafinta tsakanina da likitar.

Aka maƙala min wata 'yar na'urar auna bugun zuciya a yatsa, aka ce in faɗi yadda aka yi. Na ba da labarin da duk Hausawan Obiagu suka haddace: sau biyu na kutsa cikin wuta neman Hammadu, hayaƙi ya koro ni. Har tabon hannuna na nuna. Kamila tana fassarawa tana share hawaye. Na haɗiye ƙwayar na tafi gida.

Bayan mako guda muka koma. Likitar ta ƙyasta ashana ɗaya, ɗaya tal, sai ga ni a bakin ƙofa, kujera a kife, hulata a ƙasa. Gardi da furfurarsa!

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta duba takardarta ta yi magana a hankali, Kamila ta fassara min.

"Ta ce ranar da ka ba da labarin, zuciyarka ko gezau ba ta yi ba. Maganin ba ya taɓa abin da ba a tayar ba. Wai ko akwai wurin da ka tsallake?"

Haushin na'urar nan ya kama ni. Liman ya yarda da ni, dattawan unguwa sun yarda, sai wani ɗan roba a yatsa ne zai ƙaryata ni? Na so in tashi. Amma na tuno matata a gaban kasko, idonta jawur.

"Babu wani tafinta?" na tambaya.

"Ni kaɗai ke jin Hausa a nan, Baba. Faɗi kawai."

Aka sake maƙala min na'urar, na kafa wa siminti ido na faɗa. Ban shiga wutar ba, ko sau ɗaya. Hammadu yana cikin ɗakin ajiya, ƙofar kwano ta lanƙwashe ta ƙi buɗuwa. Taku biyar ne tsakaninmu. Ya kira ni da sunana sau uku, na ji shi sarai, na juya na ruga. Tabon nan kuwa, tukubata na faɗa wa wajen gudu.

Na'urar ta yi ta ƙara. Kamila ta fassara kalma bayan kalma. Da ta zo wurin kiran, "Gwadabe, Gwadabe, Gwadabe," haka ta maimaita shi, don suna ba ya buƙatar fassara. Kunya ta rufe ni har na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Ita da kanta ta miƙo min ƙwayar da kofin ruwa, ba ta dube ni ba.

Maganin ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Kwana goma bayan nan na hura gawayi, na koma gasa tsire. Ina tuna komai: ƙofar, hayaƙin, muryar. Tsoron ne kawai ya janye, ya bar ni da abin da yake rufewa.

Kamila ba ta gaya wa kowa ba. Har yau masu sayen tsire suna nuna wa baƙi tabon hannuna, ni kuma in sunkuyar da kai ina barbaɗa yaji.

Jiya da la'asar ta sauka daga keke a bakin layinmu, cikin fararen kayan aiki. Ta tsaya ta dubi wutar, ta dubi hannuna a kan tukubar. Ta rusuna kamar kullum.

"Sannu da aiki, Malam Gwadabe," in ji ta, ta wuce.