Kyari Bai Sauke Kaya Ba

"Nababa, wa ya shanya auduga a ƙarƙashinmu?" in ji Kyari.

Gajimare yake nufi. Muna kafaɗar wani dogon dutse ne a ƙasar Kamaru, bayan yaƙin Jamus, mu 'yan dako daga Lafiya, ɗauke da akwatunan wani Bature mai awon ƙasa. Katanga ɗaya ta raba gidana da na Kyari, kuma tun muna yara ban taɓa ganin ya yi tuntuɓe da kaya ba. Ran nan sai tangaɗi yake, leɓɓansa kamar an tsoma su a baban rini.

Da ciwon kai ya fara, muka ɗaure masa da rawani. Sai tari ya biyo, mai kumfa ja-ja.

Jagoranmu, ɗan ƙasar, ya kara kunne a ƙirjinsa. Tafinta ya ce, "Wai iskar sama ba ta ƙosar da mutum, ruwa na taruwa a huhunsa. In ya ajiye kaya ya gangara yanzu, zai rayu."

Yaran yau ba za su gane ba. A wajenmu ɗan dako ba ya sauke kaya sai a zango. Wanda ya juya a hanya, mata za su sa shi a waƙar daka har jikokinsa su ji.

Na ce, "Gangara, Kyari. Zan ce aikenka aka yi."

"Kai? Da wannan bakin naka?" Ya yi dariya, tari ya katse ta. "In shiga unguwa kai ba kaya, matata Batulu ta ɗaga ido ta dubi wa?"

Ya ci gaba da hawa, yana gaisawa da mutanen da ba sa nan. Ya ce ga masu doya daga Adogi, a ba su hanya. Ya ce an yi yayyafi a ƙofar gidansa, ƙasa na ƙamshi, akuyata kuma ta sake shiga masa danga.

Da la'asar muka kai zango. Ya durƙusa, ya sauke akwatin a hankali, ya jingina da shi.

"To, mun iso," ya ce.

Ƙirjinsa ya yi ta ƙara kamar tukunya a wuta, sannan ya yi shiru. Duwatsu muka tara masa, don ƙasar ba ta haƙuwa.

Da na koma Lafiya, na tarar da Batulu a tsakar gida tana tankaɗe. Na miƙa mata gammonsa. Ta karɓa. Ta juya shi, ta zare wani tsinken ciyawar dutse da ya maƙale a ciki, ta riƙe a tafin hannu tana kallo, kaji na cin garin.