Saƙon da Uban Jabiru Bai Aika Ba

Wata huɗu da kwana tara na yi ina ɓoye wa Jabiru mutuwar mahaifinsa. Duk wanda ya ji sai ya riƙe baki, wasu har su ce ba ni da imani. To, su faɗa. Ba su ne Yaya Zulkiflu ya riƙe wa hannu a gadon asibiti ba.

Sunana Cindo, gyaran injin jirgin ruwa nake yi a bakin ruwan Yelwa. Zulkiflu wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne kuma ɗan bokon gidanmu. Yana aiki a sashen kiwon kifi aka tura shi ƙaro karatu Kanada, ya auri wata nas Baturiya, suka haifi Jabiru. Auren bai yi ƙarko ba. Yaron yana da shekara tara Yaya ya tattaro ya dawo gida shi kaɗai, ya bar shi hannun uwarsa. Sau ɗaya tak Jabiru ya zo Yauri, yana ɗan shekara goma sha biyu, ya yi hutun wata biyu. Ni na koya masa riƙe filafilin tuƙa kwalekwale, ni kuma na tsamo shi ranar da ya kifar da kwalekwalen mutane. Hausarsa tun daga nan ta tsaya, har ya zama ƙato irin ta yara yake yi.

Sana'arsa kuwa wasa ce, irin wadda in ka kwatanta wa mutum a nan sai ya ɗauka zolayarsa kake yi. Fili guda ake daskarar da ruwa ya zama ƙanƙara, 'yan wasa su sa takalma masu kaifi a ƙasa, su yi ta sulɓi da sanduna masu lanƙwasa suna korar wani ɗan baƙin faifan roba zuwa raga. Hoki suke ce masa. Jabiru ɗan wasan gaba ne, cin ƙwallo ne aikinsa. Mu nan ƙanƙara sai dai mu ga masu kifi na farfasa ta a kan giwan ruwa, amma ɗan ɗan'uwana a kanta yake neman abinci.

Suna da wata al'ada a can. Duk shekara manyan kulob-kulob kan taru a zaure ɗaya su riƙa kiran sunayen samarin da suka zaɓa, ɗaya bayan ɗaya, sama da mutum ɗari biyu. Wanda aka kira hanya ta buɗe masa. Shekarar da Jabiru ya cika goma sha takwas ya ɗinka kwat, ya je ya zauna kusa da uwarsa tun daga sunan farko har na ƙarshe. Ba a kira shi ba. Shekara ta zagayo, ba a kira shi ba. A ta uku ko zuwa bai yi ba, daga nan kuma shekarunsa suka wuce na zaɓen. Wai ya cika nauyin ƙafa, in ji masu dubawa. Ni dai da na ga bidiyonsa yana wucewa fiu, na ce waɗannan mutane ko dai makafi ne ko suna da nasu 'ya'yan.

Wani da ya haƙura ya nemi aikin ofis. Jabiru bai haƙura ba, taurin kan gidanmu ya kwaso duka. Ya buga wa jami'a shekara huɗu, sannan ya shiga bin ƙananan kulob yana roƙon a gwada shi. A ɗauke shi wata uku, a sallame shi. Ya yi tafiyar awa goma sha huɗu a bas don wasa ɗaya. Ya je Finlan, ya je Jamus, ya koma Kanada. Haƙoransa uku na gaba sun zube a kan ƙanƙara, an yi wa gwiwarsa aiki sau biyu. Yaya yana da wata tsohuwar taswirar duniya manne a bangon ɗakinsa, duk garin da Jabiru ya koma sai ya zagaye wurin da jan biro. Da'ira goma sha ɗaya na gani a kanta.

Duk wannan labari ta hannuna yake bi, don tun da Yaya ya yi sanƙarau kunnensa ya toshe. Ba ya yarda ya karɓi waya, wai kunya yake ji ya riƙa ihu bai san yana yi ba. Sai Jabiru ya aiko da saƙon murya a wayata, in saurara, in rubuta wa Yaya a littafin 'yan makaranta, ya karanta, ya ba ni amsa in mayar. Amsar kuwa ba ta canzawa: in gaishe shi, ya riƙa salla. Shekara da shekaru ke nan. Nakan ji haushi, in ce masa yaro ya yi magana ta minti goma, shi ke nan abin da za a mayar masa? Sai ya kau da kai ya dubi taswirarsa.

A watan Maris ɗin bara, ana tsakiyar zafi, ciwon hanta ya kwantar da Yaya a asibiti. Bai yarda an gaya wa Jabiru ba, wai kada a ta da hankalin mai nema. Muna nan sai ga saƙo. Daga Jabiru ne. 'Yan wasan gaba uku sun ji rauni a wani babban kulob, an rasa wanda za a sa, an tuna da shi. Yana da shekara talatin, ranar Alhamis zai buga wasansa na farko a babbar gasa.

Na rubuta, na miƙa wa Yaya littafin. Ya karanta sau biyu, idonsa da ya yi ɗorawa ya cika da ƙwalla. Ya kamo hannuna.

"An kirai shi, Cindo," ya ce. "Shekara goma sha biyu yana jiran a kira sunanshi. Kak ka hana shi amsawa. In Allah ya yi ikonshi, kak ka hwaɗa mai sai ya gama."

Na yi masa alkawari. Ranar Talata da hantsi ya cika, kafin la'asar mun kai shi. Da mutane suka watse na kafa wata karyayyar farfelar inji a kan kabarin, don in Jabiru ya zo in nuna masa.

Ranar Alhamis ya aiko yana neman addu'ar Baba. Na ce Baba yana yi. Wannan ƙaryar ba ta yi mini nauyi ba, don ita aka bar mini wasiyya. A wasa na uku ya ci ƙwallo. Na kalli bidiyon da safe a rumfata, hannuna duk baƙin mai. Faifan ya daki ƙafar mai tsaron raga ya dawo, Jabiru ya faɗi ƙasa, yana kwance ya zura sanda ya tura shi ciki. Ba ƙwallo ce mai kyan gani ba, amma ta shiga. Mutum dubu goma sha takwas suka miƙe, aka faɗi sunansa a lasifika, har da na ubansa, duk da sun karya shi. Na kifa kaina a kan injin da nake gyara na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Sai ga saƙonsa, yana dariya yana shessheƙa: "Baffa, Baba ya gani? Me ya ce?"

Da na ce ya gaishe shi, ya riƙa salla, da ba wanda zai gane komai. Amma bakina ya ƙi. Na danna wayar na ce Babansa ya kalla har sau bakwai. Na ce ya ce in gaya masa tun ranar da ya baro shi tsaye a filin jirgi bai ƙara samun kwanciyar rai ba, yana roƙon ya yafe masa. Na ce ya ce duk ƙasar Yauri ba mai ɗa irin nasa. Har yau na yi imani maganar tana cikin zuciyar Yaya, na gan ta a idonsa duk lokacin da ya ɗauki jan biron nan. Amma bai taɓa faɗa ba, ni na faɗa.

Kwana biyu Jabiru bai amsa ba. A na uku ya aiko da gajeren saƙo, ya ce shekara ashirin da ɗaya yana jiran wannan magana, in ce wa Baba ya yafe.

Wasa biyar ya buga, masu rauni suka warke, aka mayar da shi ƙaramin kulob. A nan ya kamata in gaya masa, alkawari ya cika. Matata Laraba kullum sai ta yi mini magana, har ta ce in ba zan iya ba in ba ta wayar. Na ce mata a garin nan ba a gaya wa mutum mutuwar ubansa yana shi kaɗai. Dattijo ake aikawa ya zaunar da shi, ya fara da jiki ya yi tsanani, ya bi da shi a hankali, akwai mai riƙe shi in ya faɗi. Wane dattijo gare ni a Kanada? Gaskiya na faɗa, amma ba ita kaɗai ba ce. Tsoro nake ji, don ranar da ya san ranar mutuwar, ranar zai san wanda ya nemi gafararsa.

Haka na ci gaba. Yau Baba ya tafi Shanga duba gonar shinkafa, gobe ya ƙetara tsibiri ta wajen Wara inda ba sabis. Kakar wasa ta ƙare, gwiwar ta sake tashi, ba kulob ɗin da ya neme shi. Ya ce ya gama wasa, ba ya baƙin ciki, zai zo gida a watan Yuli. Wai al'adarsu ce, faifan da mutum ya ci ƙwallonsa ta farko da shi ana naɗe shi da farin tef a rubuta rana, ya kai wa mahaifinsa.

Na tarye shi a tashar mota, ya biyo ta Kontagora. Ƙato, yana ɗan ɗingishi, fuskar Yaya sak. Ya rungume ni yana tambayar ina Baba, na ce mu je gida tukuna. A zaure na riga na tara limamin unguwa da dattawa biyu, kamar yadda ake yi. Liman ya fara da nasiha a kan haƙuri. Hausar ta yi wa Jabiru zurfi, amma ya dubi tabarmi, ya dubi fuskokinmu, ya gane. Ya tambaye ni yaushe. Na faɗi ranar. Na ga yana lissafi a ransa, leɓɓansa na motsi. Bai yi ihu ba, bai zage ni ba, ya ce kawai in kai shi.

Damina ta yi nisa, ciyawa a maƙabarta har gwiwa. Na nufi inda na sani, ban ga farfela ba, masu tsintar ƙarafa sun cire ta. An binne mutane da yawa a layin nan lokacin zafi, ruwa kuma ya baje tudun duka. Na kira mai gadin wurin, ya zo ya dudduba, ya ce tsakanin ukun nan ne dai, amma ba zai rantse a kan ɗaya ba. Na yi ta yaye ciyawa da hannu ina neman ramin da ƙarfen ya bari. Ban samu ba.

Jabiru ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwar, ya yi addu'a a kan na farko, ya matsa na biyu, ya matsa na uku. Da ya miƙe ya ciro faifan daga aljihu, ɗan abu bai fi gwangwanin man shafawa ba, ga farin tef da rubutu. Ya daɗe yana juya shi a hannu.

"Baffa, ranar da na ci, Baba ya riga ya mutu."

"Ya riga."

"To wa ya ce in yafe masa? Wa ya ce babu mai ɗa irina?"

Na so in ce masa maganar ubansa ce, bakinsa ne kawai ya yi nauyi. Na so in nuna masa taswirar. Amma na gaji da ƙarya, na ce ni ne.

Ya gyaɗa kai. Ya kamo hannuna, wanda ubansa ya riƙe, ya ɗora faifan a ciki ya naɗe mini yatsu a kansa.

"To naka ne," ya ce.

Kwana uku ya yi ya koma. Ya karɓi gaisuwar mutane, ya yi wa Laraba godiyar abinci, ya cire taswirar daga bango ya tafi da ita. Ni ma ya yi mini sallama da ladabi, irin wadda ake yi wa baƙo. Faifan yana nan a akwatin sifanoni na, ban san inda ya dace in ajiye shi ba. Duk ranar Juma'a ina aika masa da saƙo, kuma wayar tana nuna ya saurara. Na rasa abin da zan faɗa wanda zai yarda da shi, don haka nakan ce ina gaishe shi, ya riƙa salla.